SHARHI: Maganin Ƙanjamau Da Abin Da Ake Kora Shi Da Shi A Ƙasar Yawuri

Umarnin da ake bai wa mai ɗauke da ƙwayar cutar HIV ranar da zai fara shan magani gajere ne: ƙwaya ɗaya kullum, a kan lokaci, kada a tsallake ko da rana guda. Tambayar da ba kasafai ake samun sukunin yi masa ba ita ce, ban da wannan ƙwaya, me kuma yake sha?

A ɗauki mace mai juna biyu daga wani ƙauye na Ƙaramar Hukumar Shanga, wadda gwajin awon ciki ya nuna tana ɗauke da cutar. Ta koma gida da kwalbar maganin rage kaifin cutar, da kuma ƙullin jajayen ƙwayoyin ƙarin jini da ake bai wa kowace mai ciki. Duka biyun daga asibiti suka fito. Da asuba, kafin ta sa komai a cikinta, sai ta watsa su tare a baki ta kora da ruwa. A ganinta ta cika umarnin likita, kuma babu mai cewa ta yi sakaci. Sai dai gwajin da aka yi kan dolutegravir, ginshiƙin wannan magani, ya nuna cewa idan aka sha shi tare da ƙwayar sinadarin ƙarfe alhali ciki babu abinci, abin da ke isa jini yakan ragu da kashi 54 cikin 100. Wato fiye da rabin kariyar da take nema wa kanta da abin da ke cikinta bai shiga jikinta ba, ba ta kuwa taɓa jiƙo ko saiwa ba.

Duk lokacin da aka tayar da zancen haɗa maganin asibiti da wani abu daban, hankali kan tafi kan boka da mai tallar magani a mota. Suna da nasu kason, za a zo kansu. Amma haɗarin da binciken kimiyya ya fi tabbatarwa yana cikin abubuwan da ba a ma ɗauke su a bakin komai ba: maganin ƙarin jini, ruwan maganin olsa, da ƙwayoyin ƙarin kuzari da ake tallatawa a WhatsApp da Facebook.

Yadda ƙarfe ke cinye magani a cikin hanji

Tun wajen 2018 Najeriya ta fara mayar da masu shan magani kan haɗin da ake kira TLD, wato tenofovir da lamivudine da dolutegravir a ƙwaya ɗaya, kuma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana dolutegravir a matsayin zaɓin farko ga kowa, har da mata masu ciki. Magani ne mai ƙarfi, mai saurin danne cutar, mai ƙarancin wahalar da jiki idan aka gwada shi da efavirenz da ya gada, wanda ya yi suna wajen sa jiri da munanan mafarkai.

Rauninsa yana cikin ƙarfinsa. Ƙwayar HIV na da wani makami da take dasa kanta da shi a cikin ƙwayoyin garkuwar jiki, makamin kuma ba ya aiki sai da sinadarin magnesiyam. Dolutegravir na cafke wannan sinadari ne, makamin ya tsaya cak. To amma maganin ba ya bambance magnesiyam na ƙwayar cuta da wanda ya tarar a cikin hanji. Idan ya haɗu da ƙarfe, ko kalsiyam, ko magnesiyam, ko aluminiyam, sai ya manne musu su zama dunƙule, hanji ya kasa tsotsa, su fice tare da bayan gida. Da kalsiyam a kan yunwa, ragin ya kai kashi 39 cikin 100. Da ruwan maganin olsa mai aluminiyam da magnesiyam, irin farin ruwan nan da kowane kemis na ƙauye ke ajiye da shi, ragin ya kai kashi 74.

Maganin matsalar ba ya cin ko kwabo. Ƙa'idar da ke rubuce a takardar maganin ita ce a sha TLD sa'o'i 2 kafin waɗannan abubuwa, ko sa'o'i 6 bayansu. Ƙwayar ƙarfe da ta kalsiyam kuwa ana iya shan su tare da shi idan an haɗa da abinci. Wannan rangwame na abinci bai shafi maganin olsa ba, shi sai an raba lokaci. Matar da aka fara da labarinta ba ta buƙatar daina ƙarin jini, domin rashin jini kansa yana kashe masu ciki. Abin da take buƙata jimla biyu ce daga bakin ma'aikaciyar awo.

Akwai kuma farar ƙasa, wadda mata masu ciki da yawa ke kwaɗayi, kuma ba wadda za ta ambace ta a gaban malamin asibiti domin ba ta ɗauke ta magani ba. Yumɓu ce mai ɗauke da aluminiyam, an kuma daɗe da sanin cewa yumɓu na riƙe magunguna a cikin hanji. Hukumomin abinci na Birtaniya da Amurka sun taɓa gargaɗi kan irinta da ake kaiwa can daga Afirka ta Yamma, saboda dalma da aka samu a ciki. Kanwa ma na da nata gurbin a wannan lissafi. Tana kashe tsamin ciki, shi ya sa ake jiƙa ta don ciwon ciki, alhali atazanavir, wanda ake bai wa waɗanda maganin farko ya daina yi wa aiki, ba ya narkewa yadda ya kamata sai da wannan tsami. Mai jego da ke kan atazanavir tana shan kunun kanwa safe da yamma ta cancanci a zauna da ita a tsara mata lokaci. Dama tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta yawan kunun kanwa da wankan jego da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, don haka ba yau kanwa ta fara shiga bakin likitoci ba.

Abin da ya sa wannan ragi ke da haɗari shi ne ba ya ciwo. Mutum zai ci gaba da harkokinsa, ya je gona, ya shiga ruwa, yana jin kansa garau. Gwajin da ke auna yawan ƙwayar cutar a jini, bayan shekarar farko, sau ɗaya ake yinsa a shekara ga wanda komai ke tafiya daidai. A tsakanin gwaji da gwaji, ƙwayar cutar da ke samun rabin magani tana iya hayayyafa, ta kuma koyi jure masa. Ga mai ciki ko mai shayarwa, watannin nan ne ke yanke hukuncin ko jariri zai tsira, a ƙasar da ke sahun gaba a duniya wajen yawan jariran da ke kamuwa da cutar daga uwa.

Saiwa, ganye da kwalbar kasuwa

Batun tsirrai ya fi sarƙaƙiya, kuma a nan ne ɓangarorin biyu suka fi yin azarɓaɓi. Shaidar da ta fi ƙarfi daga waje ta zo. A shekarar 2000 masu bincike a Amurka suka nuna cewa wani tsiro da Turawa ke sha don damuwa, St John's wort, ya rage indinavir a jini da kashi 57 cikin 100, domin yana zaburar da hanta ta narkar da magani da wuri. Bayan shekara biyu suka nuna cewa ƙwayoyin tafarnuwa da ake sha kullum sun rage saquinavir da kusan rabi. Waɗannan magunguna biyu an daina yayinsu, kuma tafarnuwar da ake jefawa a miya ba ita ake nufi ba. Darasin da aka ɗauka shi ne tsiro na iya sauya yadda hanta ke sarrafa magani ba tare da mai sha ya ji komai ba. St John's wort ba ya cikin kayan masu maganin ƙasar Hausa, amma yana shigowa cikin kwalaben ƙetare da ake tallatawa da sunan gyaran barci da kwantar da hankali, kuma an hana haɗa shi da dolutegravir.

Zogale ya fito da kyakkyawar shaida. Wani bincike a Zimbabuwe da aka wallafa a 2017 bai ga ya sauya yawan nevirapine a jini ba. Wani kuma da aka gudanar a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, aka wallafa a 2021, ya ga ƙaruwar ƙwayoyin garkuwar jiki ga waɗanda aka bai wa garin zogale tsawon wata shida. Sai dai duk waɗanda aka yi gwajin da su suna kan maganinsu na asibiti, ba wanda aka ce ya ajiye. Kwaɗon zogale abinci ne mai kyau. Ma'aikacin lafiyar da ya yi wa majiyyaci tsawa a kansa ya yi asara biyu: ya hana shi abu mai amfani, ya kuma koya masa ɓoye sauran abin da yake sha.

Habbatus sauda na da daraja ta musamman a zukatan Musulmi, kuma shagunan magungunan Musulunci sun cika garuruwa. A 2013 wasu masu bincike a Najeriya suka wallafa rahoton mutum guda da suka ce cutar ta ɓace daga jininsa bayan shan wani haɗi nata. Wannan rahoto na mutum ɗaya har yanzu yana yawo a intanet kamar hujja. Labarin mutum ɗaya yakan sa a fara bincike, ba ya isa a ɗora rayuwar dubbai a kansa, kuma babu wata hukumar lafiya da ta amince da habbatus sauda a madadin maganin rage kaifin cutar.

Inda aka fi jin tsoro shi ne jiƙon kwalba da ba a san abin da ke ciki ba, irin wanda motoci masu lasifika ke tallatawa ranar kasuwa, kwalba ɗaya na maganin basir da shawara da taifot da sanyi. Tenofovir ta ƙoda yake fita, kuma yana iya wahalar da ita. Manomi ko masunci da ke shan sa, ya ƙara da haɗin maganin ciwon jiki na kemis mai diclofenac bayan wunin aiki a rana, ya ɗora jiƙon da ba a san sinadarinsa ba, ya tara wa ƙodarsa kaya. Mai wankin ciki da filasko ko wani abu mai sa amai yana iya fitar da ƙwayar kafin ta narke. Maganin ƙarfin maza da ake cewa na itatuwa ne, sau da yawa hukumomi kan gano an zuba masa sildenafil, sinadarin Viagra, wanda ritonavir ke ninka yawansa a jini har sau goma sha ɗaya, jini ya faɗi warwas.

Da yawa kan kafa hujja da lambar NAFDAC da ke jikin kwalba. Shugabar hukumar, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta sha bayyana cewa rajistar wucin gadi da ake bai wa magungunan gargajiya ta shekara biyu ce, kuma gwajin guba ake yi, ba gwajin ko suna warkarwa ba. Balle a ce an gwada su tare da TLD. A 2023 binciken da jaridar Premium Times da Dubawa suka yi kan jiƙon nan mai suna Baban Aisha, wanda ya karaɗe kasuwannin Arewa, ya kai ga NAFDAC ta rufe inda ake haɗa shi a Kaduna. Sai da ’yan jarida suka kai kwalbar ɗakin gwaji kafin hukuma ta motsa.

Mafi muni duka shi ne mai cewa ya warkar. Dabarar a bayyane take ga wanda ya san yadda maganin ke aiki. Mai shan TLD yadda ya kamata, cikin ’yan watanni gwaji kan nuna ba a ga ƙwayar cutar a jininsa ba. Ba ta mutu ba, ta laɓe ne. Idan a wannan tsakanin yana shan jiƙon wani, sai a ɗaga takardar gwajin a ce ga shaida, a ce ya ajiye ƙwayar Bature. Cikin makonni kaɗan cutar kan dawo. Idan kuma yana da ciwon hanta nau'in B, wanda binciken ƙasa na 2018 ya samu a jikin kashi 8.1 cikin 100 na manya, dainawar na iya tayar da hantar farat ɗaya, domin tenofovir da lamivudine su ne ke danne wannan ciwon ma. Afirka ta ga ƙarshen wannan hanya. A 2007 Yahya Jammeh na Gambiya ya sa majiyyata suka ajiye magani suka koma kan haɗinsa, mutane da dama suka mutu. A Afirka ta Kudu, zamanin da ministar lafiya ke tallata tafarnuwa da lemun tsami, masu bincike na Jami'ar Harvard sun ƙiyasta cewa jinkirin bayar da magani ya ci rayuka fiye da 330,000 tsakanin 2000 da 2005. Najeriya ma ta yi nata rikicin da iƙirarin Dakta Jeremiah Abalaka a wajajen 2000.

Me ya sa ƙasar Yawuri

Binciken 2018 ya sa yaɗuwar cutar a Najeriya a kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49, Arewa maso Yamma kuwa kashi 0.6. Ƙarancin adadi na da nasa sharrin. Inda masu cutar ba su da yawa, kowannensu ji yake shi kaɗai ne, tsangwama ta fi zafi, ɓoyo ya fi tsanani. Dokar hana nuna wariya ga masu cutar ta 2014 tana nan a takarda, amma ba ta hana gulma a bakin rijiya. Mai sayen jiƙo a kasuwa ba wanda zai tambaye shi dalili. Mai ajiye kwalbar asibiti a ɗaka kullum yana fargabar wanda zai gani.

Sannan ga yanayin ƙasa. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya shanye tsibirai da garuruwa, aka sake wa dubban Gungawa da maƙwabtansu matsuguni, rayuwar yankin ta rataya a kan tafki da kogi. Masunta na bin kifi su yi makonni ba sa gida. ’Yan kasuwar albasa da masu haƙar zinare na kai da komo. Zuwa babban asibiti daga ƙauyukan Shanga ko Ngaski na nufin kuɗin babur, ko na kwalekwale, ko duka biyun. Haɗarin jirgin ruwan Wara na watan Mayun 2021, wanda ya ci mutane da dama, da sace ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yuni na shekarar, sun nuna abin da tafiya ke iya zama a wannan yanki, ta ruwa ko ta tudu.

Saboda irin wannan ne aka ɓullo da tsarin bai wa majiyyaci maganin wata uku zuwa shida a lokaci guda. Tsari ne mai kyau, ya rage wahala da kuɗin mota. Amma yana nufin mutum na iya ganin ma'aikacin lafiya sau biyu kacal a shekara, na ’yan mintoci, a layi mai tsawo. Mai kemis da mai jiƙo kuwa kullum suna nan, sun san sunansa, suna ba da bashi.

Waɗanda ke cike wannan giɓi su ne ƙananan ma'aikatan da ba a cika jin sunansu ba: masu ba da shawara kan shan magani, masu bibiyar wanda bai dawo ba, iyaye mata masu cutar da ke jan sababbi a jiki. Akasarinsu kuɗin tallafin waje ke biyansu. Kebbi, da Sakkwato da Zamfara, na cikin jihohin da hukumar USAID ta riƙa ɗaukar nauyin aikin cutar a cikinsu kafin 2025. Ranar 20 ga Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan umarnin dakatar da tallafin waje na kwana 90, kwanaki kaɗan bayan haka aka umarci ƙungiyoyi su tsayar da aiki. An sassauta daga baya ga magungunan ceton rai, amma zuwa watan Yuli an rufe USAID ɗin kanta. Ko da kwalabe ba su yanke ba, jita-jitar cewa magani zai ƙare ta isa ta sa wani ya fara tsallake rana don ya yi tanadi, wani kuma ya fara neman madadi.

Gwamnatin Tarayya ta mayar da martani a watan Fabrairun 2025 da amincewa da naira biliyan 4.8 don sayen kwalaben magani 150,000, Majalisar Tarayya kuma ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya. Mataki ne da ya dace. Sai dai kuɗin sayen ƙwaya ba ya biyan wanda zai zauna da majiyyaci ya tambaye shi abin da yake kora ta da shi, wannan kuwa aiki ne da ya fi kusa da jiha da ƙaramar hukuma. Farashin sakaci ba ƙarami ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya nuna cewa a wasu ƙasashen da aka bincika, tsakanin kashi 3.9 zuwa 8.6 cikin 100 na waɗanda cutar ba ta danne a jininsu ba, ƙwayar ta fara jure wa dolutegravir. Wanda ya rasa TLD zai koma kan magani mai tsada, mai yawan ƙwayoyi, mai kuma yawan faɗa da sauran magunguna.

Korar masu maganin gargajiya ba za ta yiwu ba, kuma ba ta dace ba. A ƙauyuka da yawa su ne likitan farko, wasunsu gadon iyaye da kakanni suke riƙe da shi cikin mutunci, ba kuma su ne masu ihu a lasifika ba. Yuganda ta gwada zama da irinsu tun 1992 ta hanyar ƙungiyar THETA, inda aka horar da su su gane alamun cutar su tura mutane asibiti. Arewa ma na da nata misalin: sai da sarakuna suka shiga yaƙin shan inna gadan-gadan a 2009, ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi, kafin rigakafi ya samu karɓuwa a inda ake rufe masa ƙofa. Masarautar Yawuri, wadda Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, tsohon shugaban Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ke riƙe da ita tun 1999, tana da hakimai da dagatai da sarakunan sana'a da za su iya tara masu magani da masu kemis a zaure ɗaya. Abin da za a nema daga gare su kaɗan ne: kada su ce wa kowa ya ajiye maganin asibiti, su tambayi mai saye ko yana shan wata ƙwaya ta kullum ba tare da neman sanin ta mece ce ba, su kuma tura mai kumburin ƙafa ko rawayar ido asibiti nan take.

A ɓangaren gwamnati, ’yan majalisar jiha masu wakiltar Shanga da Yawuri da Ngaski, da ɗan majalisar tarayya na mazaɓar da ta haɗa ƙananan hukumomin uku, suna da damar tambaya a lokacin kare kasafi: nawa gwamnatin Nasir Idris ta ware wa hukumar yaƙi da cutar ta jiha, nawa aka saki a zahiri, masu harhaɗa magunguna nawa ne ke aiki a asibitocin masarautar, kuma wa ke biyan masu ba da shawarar da tallafin waje ya saki. Katin awon ciki da katin karɓar magani duk ana buga su ne da kuɗin jama'a, ƙara layi ɗaya a jikinsu da Hausa da ajami kan tazarar sa'o'i biyu da shida ba ya buƙatar amincewar Washington.